Judo, Mata, da Mai Kaza a Aljihu

Malam, tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. Mace da kokawa? Mace da naushi? Har ka ture hula gaba, ka ce shi ke nan, saura rana ta fito daga yamma. To zauna, ga tabarma. Da sauran lokaci kafin ta fito, ya ishe mu musu.

Ka ce wannan al'adar baƙi ce, ba mu gaje ta ba. Gaskiyarka. Amma ka san sunan wanda ya ƙirƙiro judo? Kano. A'a, ba zolaya nake yi ba tukuna, tana gaba. Jigoro Kano, mutumin Japan, wanda ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokiyo a 1882. Ban ce ɗan Fagge ba ne, ban ce ya taɓa cin gurasa da ƙuli ba, amma Bakano ya kamata ya sassauta murya ko don kunyar takwara. Ku kuwa Zagezagi da na ji kuna dariya daga baya, ku ne ma ba ku da bakin magana. Shekara nawa kuka yi kuna cika mana kunne da Sarauniya Amina da ganuwoyinta? Ko da muciya ta ci garuruwan?

Shi wannan Kano, yaro ne ɗan firit, marar jiki, irin wanda manyan aji ke shafa wa kai su ƙwace masa abin tarawa. Haushin haka ya kai shi neman hanyar da ƙarami zai kayar da babba. Abin da ya tsaya a kai suna kiransa kuzushi, wato ka fara raba mutum da tsayuwarsa kafin ka yi tunanin ɗaga shi. In ya turo ka, ka ja shi. In ya ja ka, ka tura shi. Ka taɓa jingina da ƙofa da dukkan nauyinka kana zaton a sakace take, ashe a buɗe take? To ƙofar nan ba ta fi ka ƙarfi ba, amma ka tuna inda ka tsinci kanka. Judo ke nan. Tun ranar farko an gina ta ne don wanda aka raina, kai kuma ka zo kana mamakin mata sun shiga. A 1926 ma Kano da kansa ya buɗe musu sashe a Kodokan.

Ka ce ai mace halitta ce mai rauni.

Sannu, likita. Wace macen? Wadda ta tashi da asuba ta ja guga ashirin daga rijiya mai gaba goma? Ko wadda ta surfa gero, ta daka, ta tuƙa tuwon gidan mutum talatin da goyo a baya? Karɓi taɓaryar nan ka yi mana lugude na minti goma, in ka gama sai mu ci gaba da hirar rauni. Ban musa ba, in an haɗa maza da mata aka auna ƙarfin damtse, maza za su rinjaya. To sai me? Ai saboda hakan ne ma ake koyon dabarar. Wanda ya fi kowa ƙarfi a unguwa me zai je nema a makarantar kare kai?

Bari in kai ka Landan. Akwai wata mata, Edith Garrud, tsawonta ko ƙafa biyar bai cika ba. Ita da mijinta William suka koyi jujutsu, kakan judo, a hannun malamai 'yan Japan. A lokacin matan Ingila suna fafutukar a ba su 'yancin jefa ƙuri'a, 'yan sanda kuma suna jan su a ƙasa kamar buhun gawayi. A 1913 gwamnati ta yi wata doka da aka yi wa laƙabi da dokar kyanwa da ɓera: in fursuna ta ƙi cin abinci har ta galabaita sai a sake ta, in ta murmure a sake cafke ta. Sai matan suka kafa rundunar mata kimanin talatin don tsaron shugabarsu, Emmeline Pankhurst, Edith ce malamarsu. Suna ɓoye kulake a cikin dogayen rigunansu. A Glasgow, cikin Maris na 1914, 'yan sanda suka afka dandamalin da Pankhurst ke jawabi, suka kai hannu za su ture furannin da aka yi ado da su, ashe waya mai ƙaya ce a ciki. An kama Pankhurst ranar, ba zan ɓoye maka ba. Amma 'yan sandan da suka zo kamun ɓera sun koma gida da labarin da ba su so bayarwa ba. Raina kama, ka ga gayya.

Shi kuwa William, aikinsa in ana nuna wasan a gaban jama'a shi ne ya fito a matsayin mugu, matarsa ta maka shi da ƙasa, ya tashi ya kaɗe riga, a sake. Na san abin da ke bakinka: mijin-ta-ce. Kira shi abin da ka so, shi dai ya san kuɗin shiga aljihun gidansu suke tafiya.

Ka ce to wannan 'yan sandan Turawa ne masu tumbi, amma a fili, ƙato da ƙato, mace ba ta kai labari. Madalla, ka kawo ni inda nake so. A 1959, a wata gasar judo ta ƙungiyar YMCA a garin Utica na jihar New York, wata matashiya 'yar Brooklyn mai suna Rena Glickman, ana ce mata Rusty, ta rage gashinta, ta ɗaure ƙirjinta, ta shiga cikin tawagar maza. Ta kara da namiji, ta kayar da shi. Da aka zo rabon lambobi sai mai shirya gasar ya ja ta gefe ya tambaye ta ko ita mace ce. Ta gyaɗa kai. Aka karɓe lambar. Yanzu taimake ni da lissafin nan, tunda kai ne mai hankali. In mace ba za ta iya ba, me ya kai lambar wuyanta? In kuma ta iya, me ya sa aka ƙwace? Sai bayan shekara hamsin, a 2009, ƙungiyar ta kira ta ta ba ta lambar zinarenta, watanni kaɗan kafin rasuwarta. A tsakanin nan ba zaman jira ta yi ba. Ita ce ta jinginar da gidanta a 1980 don a yi gasar duniya ta farko ta judon mata a New York, ita ce ta yi ta ɗaga wa jami'ai hankali har aka shigar da judon mata Olamfik, gwaji a 1988, cikakkiyar gasa a 1992. Sunan aurenta kuwa Kanokogi. Wani Kano kuma, har da kogi. Ni dai ban ce komai ba.

Kuma tunda muna maganar fili, ina 'yan kokawarmu? Kowace kaka ana ta kiɗa, ana ta kirari, ana ɗaure layu da guraye tun daga Sakkwato har Gumel. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a kokawa, wa ya kawo ta? Blessing Oborududu, 'yar Bayelsa, azurfa, a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Sha ruwa, Malam, na ga ka ƙware.

Yanzu ga Goggo ta leƙo daga bayan labule, ta ce duk wannan surutu ne, ita tambayarta ɗaya: wa zai auri yarinyar da ta iya shaƙe mutum?

Goggo, ina wuni. Zan fara ba ki makami da hannuna, don kada ki ce na yi miki rowa. Keiko Fukuda, jikar malamin farko da ya koya wa Jigoro Kano jujutsu, ta shiga Kodokan a 1935 bisa gayyatar Kano. An shirya mata aure, ta fahimci in ta yi shi sai ta bar judo, ta zaɓi judo. Ba ta taɓa aure ba har ta rasu a San Francisco a 2013 tana da shekara 99. Ga shi nan, ki riƙe. Amma ki riƙe har da sauran labarin: tun 1953 ta kai daraja ta biyar ta baƙar ɗamara, aka bar ta a nan kusan shekara ashirin, ba don ta kasa ba, sai don ƙa'idar gidan ba ta ɗaga mace sama da nan. Sai 1972 ta samu ta shida. A 2011, tana da shekara 98, hukumar judo ta Amurka ta ba ta ta goma, wadda babu sama da ita. Kuma mijin da aka nemo mata ɗin ba judo ce ta kore shi ba, sharaɗin da aka gindaya ne.

Sauran kuwa? Rusty ta auri ɗan judo ɗan'uwanta, suka haifi 'ya'ya biyu. Ryoko Tani ta Japan, mai nauyin kilo 48, ta ci lambobin Olamfik biyar, biyu na zinare, ta yi aure a 2003, ta haihu a 2005, ta dawo ta cinye gasar duniya a 2007, daga baya ta shiga majalisar dokokin ƙasarsu. Clarisse Agbegnenou ta Faransa, wadda asalin iyayenta Togo ne, ta haihu a 2022, ba a yi shekara ba ta je Doha ta ɗauki kambin duniya karo na shida, tana fita daga fili tana karɓar 'yarta ta ba ta nono. Goggo, ko arba'in ɗin ma sun yi, ba su dai sha kunun kanwa ba. Af, ita ma Edith Garrud shekara 99 ta yi a duniya, daidai da Fukuda. Ban ce judo maganin tsufa ba ce, amma in kin ji ana sayar da saiwar da ta kai haka, ki sayo mini.

Malam, na dawo kanka, don tun ɗazu kake kewaye-kewaye kamar mai neman bakin zaren. Fito da ita fili. Tsoronka kada a koya mata ta dawo gida ta gwada a kanka.

Subhanallahi! Me kake yi a gidan da har kake lissafin ranar da za a rama? Mu muna maganar mugu a lungu, kai ka dafe ƙeya. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Kwantar da hankalinka in gaya maka abin da ake koyarwa a makon farko. Gaisuwa. A rusuna wa malami, a rusuna wa abokin karawa, kafin a fara da bayan an gama. Sai abu na biyu, wanda ake shafe makonni a kansa kafin a bar ka ka taɓa rigar kowa: faɗuwa. Sunansa ukemi. Yadda za ki faɗi ta baya ba ki buga ƙeya ba, ki manne haɓa a ƙirji, ki doki tabarma da hannu don jiki ya rage jin nauyin ƙasa, ki mirgina, ki miƙe. Sau ɗari, sau dubu. Ka yi tunanin yarinyar da tun tana rarrafe ake ce mata sauko kar ki faɗi, bari kar ki ji ciwo, zauna ke mace ce. Ranar da ta gane ana iya maka ta da ƙasa ta tashi ba abin da ya karye, wani abu ya sauya a tafiyarta, kuma ko daga nesa za ka gane. Wanda aka kayar sau dubu ya san abin da ƙasa take, shi ya sa ba ya neman rigima a kan gishirin miya. Masu saurin hannu a gida, ka bincika, yawancinsu ba a taɓa kayar da su ko sau ɗaya ba.

Ka ce duk wannan wasan tabarma ne. A titi babu alƙali, babu gaisuwa, kuma abin da ake gani a fim ɗin Chana ƙarya ce. Kai, yau ka yi magana! Ƙarya ce tsagwaronta. Babu macen da za ta tashi sama ta tarwatsa ƙarti goma, babu namijin ma. In ɗan ƙwacen waya ya zaro wuƙa a cikin adaidaita, duk malamin kirki abu ɗaya zai ce wa ɗalibarsa, ko da baƙar ɗamara gare ta: miƙa masa, ana sayar da wata a Farm Centre. Amma ka lura, ka sake zaɓo muguntar da ta fi maka daɗin labari, ta baƙo mai wuƙa. Mafi yawan matan da ake ci wa zarafi sun san mai yin. Maƙwabci ne, saurayi ne, malami ne, wani ne da ake gaisawa da shi a zaure. Ba ya zuwa da wuƙa. Da murmushi yake zuwa, da dogaro da abu ɗaya: ba za ta yi ihu ba, ba za ta faɗa ba, kunya za ta riƙe masa ita.

A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don haka ka yi haƙuri in daɗe. A unguwannin marasa galihu na Nairobi, irin su Korogocho, an yi wani shiri mai suna No Means No, ana koya wa 'yan mata 'yan makaranta kare kai. Zama shida, kowanne awa biyu. Awa goma sha biyu ke nan, bai kai lokacin da kake ɓatawa a majalisa cikin mako guda ba. Masu bincike daga jami'ar Stanford suka bi sawun 'yan mata kusan 2,000 da suka yi horon, suka wallafa sakamakon a 2014. Fyaɗe a cikinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Fiye da rabinsu sun ce sun yi amfani da abin da aka koya musu sun tsayar da wani da ya nufo su da mugunta. Kuma da yawa daga cikin waɗannan ko yatsa ba su ɗaga ba. Murya kawai. Tsayuwa daram, kallon ido cikin ido, da a'a mai ƙarfi wadda ake ji a gida na uku. Waɗanda kuma abin ya rutsa da su duk da haka, masu iya buɗe baki su faɗa wa wani sun ƙaru daga kashi 56 zuwa 75 cikin ɗari.

Ka ce Kenya ce, wa ya san yadda suka ƙirga. To ga Kanada. Charlene Senn ta jami'ar Windsor ta raba ɗalibai mata 893 na jami'o'i uku gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su takardun faɗakarwa su karanta, rabi aka yi musu horon awa goma sha biyu, wanda yawancinsa koyon gane take-taken mugu ne da yarda da abin da zuciya ta faɗa, sai ɗan kason koyon duka da kufcewa. Bayan shekara guda, a cikin masu takarda kashi 9.8 cikin ɗari an yi musu fyaɗe, a cikin masu horo kashi 5.2. An buga wannan a 2015. Kusan rabi, Malam. Da allura ce ta yi wannan aikin da tuni kana layi da 'ya'yanka.

Kai ne fa kake ce mana ƙarfin mata sai yawan magana, kana dariya. Ashe gaskiya ka faɗa ba ka sani ba. Sai dai abin da ka manta, mun ɗauki shekara goma sha biyar muna kashe wa yarinya wannan ƙarfin: yi ƙasa da murya, sunkuyar da kai, kar ki musa wa babba. Tarbiyya ce mai kyau a gaban mutumin kirki. A gaban mugu kuwa, mun wanke masa ita mun miƙa. Amfanin dukan jakar yashi da ƙarajin nan da 'yan karate ke yi, wanda suke kira kiai, shi ne jiki ya saba. Tsoro in ya zo yakan daskarar da mutum, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, harshe ya yi nauyi. Wadda ta yi ihun sau ɗari biyar a aji, ranar da ta buƙace shi yana nan kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma in ji ka juya zancen ka ce to wadda aka cuta ita ta ƙi koyo. Kul. Laifin ɓarawo ba ya komawa kan mai gida don kwaɗonsa ƙarami ne.

A Korogocho ɗin nan har tsofaffi sun shiga, kakanni, wasu sun haura shekara tamanin, saboda miyagu sun riƙa bin su da camfin wai tsohuwa ba ta ɗauke da ƙanjamau. Suna taruwa suna dukan jaka da tafin hannu da gwiwa da sandar dogarawa, suna koyon inda ake tsokana a ido da maƙogwaro, har da dabarar yin kamar mahaukaciya don mugu ya tsorata. Goggo, kina ji? Sa'o'inki ne.

Hajiya kuma, wadda tun ɗazu ta yi shiru tana jan carbi, ita ce ta zo da magana mai nauyi. Ta ce sutura fa? Kuma wa zai riƙa kama mini 'ya yana cewa koyarwa yake?

Hajiya, ta farkon mai sauƙi ce. Feryal Abdelaziz ta Masar, ɗalibar haɗa magunguna, ta ci zinare a karate a Tokiyo, ita ce mace ta farko da ta kawo wa Masar zinaren Olamfik. Hedaya Malak, ita ma 'yar Masar, da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kariya ta ci tagulla a taikwando a 2016, ta sake ci a Tokiyo. Rigar wasan ma kin gan ta, dogon hannu, dogon wando, yadi mai kaurin buhu, ta fi rabin ɗinkin bikin da ake yi yanzu rufe jiki. Malam kuwa da yake shirin jawo mini aya, ya fara tuna mana da Nusaiba bint Ka'ab, wadda ta tsaya da takobi da garkuwa tana kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar Uhudu, a lokacin da maza da yawa suka watse.

Ta biyun kuwa ba zan yi miki wasa da ita ba, kina da gaskiya. Filin horo ba Aljanna ba ne. A Japan ɗin kanta, gidan judo, a 2013 ta fito fili cewa 'yan wasa mata goma sha biyar na tawagar ƙasa sun kai ƙarar babban kocinsu kan mari da duka da zagi, har ya ajiye aiki. Ki lura da waɗanda suka tona: matan da aka koya wa tsayuwa, suka juyo suka tsaya a gaban wanda ya koya musu. Maganin damuwarki kuma ba a nesa yake ba. A Amman ta ƙasar Jodan, Lina Khalifeh, mai baƙar ɗamara a taikwando, ta fara koya wa mata a ɗakin ƙasa na gidan iyayenta bayan ta ga abin da aka yi wa wata ƙawarta a gida, a 2012 ta buɗe SheFighter, wurin horo na mata zalla, malamai mata, ɗalibai mata. Sai dai malama mace ba daga sama take faɗowa ba. Sai wani uba ya bar 'yarsa ta koya yau kafin a samu mai koya wa jikokinki. Kowa na son a samu likita mace a asibitin haihuwa, kowa kuma na son 'yar maƙwabci ce za ta yi karatun.

Malam, na ga ka daina taɓe baki, ka koma susar gemu. Me ka ce? Ɗaga murya mana, ai yanzu muka gama darasin. Nawa ne kuɗin wata? Wa za ka kai? Auta, to, Allah ya yi mata albarka. Da yayarta mai shiga jami'a bana? Kai, Malam, ashe kana da kirki.

Uwargida fa?

Malam? Ina za ka, ga takalminka ka bari!